Abin da Idon Dama Ya Gani

Tun da aka dawo da babanta daga asibiti, Auta ba ta wuce labulen ɗakinsa ba. Ita ke dafa ruwan wankansa, ita ke wanke zanin gadonsa, ita ke jera magungunansa a faranti, na safe daban na yamma daban. Amma da ta zo bakin ƙofa sai ta miƙa wa mahaifiyarta ta juya. Ba tsoro take ji ba, ba kuma kunya ba. Da ma ɗaya daga cikinsu take ji, da ta gode Allah. Ba ta jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Babanta mai ɗaukar hoto ne. Hoton fasfo da na ɗaliban makaranta su ke ciyar da gidan, amma abin da ya ƙwallafa rai a kai shi ne hoto mai zurfi, irin wanda ake kallo da tabarau na kwali, ido ɗaya ja ɗaya shuɗi. Yinsa ba wuya a baki. Zai tsaya ya ɗora nauyinsa a ƙafar hagu ya ɗauka, ya mayar da nauyin kan ƙafar dama ya sake ɗauka. A shago sai a rina na farko da ja, na biyu da shuɗi, a ɗora ɗaya a kan ɗaya. Da ido tsirara abin kamar ɓarnar tawada yake, amma da ka sa tabarau kowane ido ya ɗauki nasa, sai ɗakin da ke cikin takardar ya buɗe har ka ji kamar ka zura hannu. Hoto guda ɗaya kuwa gwauro yake kiransa. "Gwauro ba shi da zurfi," in ji shi, "sai an yi masa aure."

Wanda za a ɗauka yana da aiki ɗaya tak: kada ya motsa tsakanin ƙafar hagu da ta dama. A duk 'ya'yan gidan babu wanda ya iya wannan tsayuwa kamar Auta. Yayyenta su yi dariya, su sosa hanci, su ɓata aiki. Ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya in ya ce kada ki motsa, ko ƙuda ya sauka a goshinta sai dai ya gaji ya tashi. Sai ya ɗauki na biyu, ya sauke kyamara ya ce, "To," sannan ta saki numfashi.

Ranar da abin ya faru ta karɓo farar rigarta ta aikin jinya, bayan dogon karatu. Ya ga rigar ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya tsayar da ita a falo gaban ƙofar katako mai duhu, ya ja da baya, ya karkace kai, sai ya hango agogon hannunta mai jan maɗauri.

"Cire wannan," ya ce. "Ja maƙiyin hoton nan ne. Ido ɗaya ya gan shi fari, ɗaya ya gan shi baƙi, su yi ta dambe a cikin kan mutum."

Ta cire, ta dunƙule shi a hannu, ta mayar da hannayen biyu bayanta.

"Yawwa. Murmushi. Kada ki motsa sai na ce."

Ya ɗauki na hagu. Ya koma kan ƙafar dama, ƙafar ta ƙi karɓarsa. Ya tafi ta gefe a hankali kamar buhun da ba a jingina daidai ba, kafaɗarsa ta bugi tebur, ya kai ƙasa. Abin da Auta ta iya tunawa shi ne tana tsaye, murmushin yana nan a fuskarta, tana kallonsa a ƙasa. Gwaggo, yayar babanta, ita ta fara shigowa da gudu, kuma ita ta faɗi maganar. "Ke da kika yi karatun jinya! Ubanki ya faɗi kina tsaye kina yashe baki!" Gwaggo ba muguwa ba ce, firgita ce ta sa ta, daga baya ma ta manta ta faɗa. Amma magana zarar bunu ce. Auta ta ɗauki maganar ta ajiye a ƙirjinta, kuma ba ta da hujjar musa ta, don ita ma abin da ta sani ke nan.

Likitoci suka ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ma ya tafi. Ranar fara aikinta ta zo ta wuce, rigar tana rataye a bayan ƙofa cikin ledarta. Agogon kuma mahaifiyarta ta tsinto shi ƙarƙashin kujera, gilashin ya tsage. Auta ta jefa shi a jaka, ba ta ko tambayi kanta yadda aka yi ya isa can ba.

Da ya ɗan samu kansa, sai ya tsiri wata alama da hannun hagu. Ya nuna idanunsa da yatsu biyu, sannan ya haɗe yatsun. A ba shi ruwa ya kau da kai, a gyara masa matashi ya yi gurnani. Mahaifiyarta ce ta gane, don auren shekaru ba wasa ba ne. Ta fito da kyamarar a hannu ta ajiye a cinyar Auta.

"Babanku gwauraye biyu ya bari a cikin abin nan, su suka hana shi sakat. Kai wa Baffanki ya haɗa."

"Umma, ki aiki wani mana."

"Wa zan aika? Ke ce a ciki, ke za ki kai. Tashi ki sha iska, kin zame min kamar kujera a gidan nan."

Shagon siriri ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. Daga ciki akwai labulen da aka zana wa lambu da matakala, da fitila mai lema, da kwandon tabarau na kwali waɗanda gumin goshin mutane ya lanƙwasa. Ko'ina warin tawada da na ƙurar da fitila ta gasa. Baffa, ƙanin babanta, shi ke zama gaban kwamfuta, shi ke haɗawa da bugawa. Kafin ta gama gaishe shi maƙwabcinsu Mai Tabarau ya leƙo, wanda shi ke yanka musu jan gilashin roba da shuɗi, kuma abokin babanta ne tun kafin a haife ta.

"'Yata, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Su ukun sun san sauƙin bai taka kara ya karya ba, amma aka bar shi a haka. Baffa ya nuna mata doguwar kujerar da ke tsakanin teburinsa da ƙofa. Kujerar babanta ce. Ta zauna, jakarta a cinya.

Baffa ya zare katin kyamarar ya sa a kwamfuta. Bai buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya ba. Ya ja su tare cikin hanzari, yana kallon gefe, ya jefa su inda ake haɗawa. Na biyun ya fito a karkace, ya sunkuya ƙasa, kamar wanda aka ɗauka daga cikin kwalekwale. Babanta yana cikin faɗuwa ya ɗauke shi. Baffa ya juya shi sannu a hankali har ƙofar da ke cikinsa ta miƙe ta hau kan 'yar'uwarta, idanun Auta na shuɗi suka hau kan na ja. Sannan dattawan biyu suka ɗauki tabarau na kwali suka maƙala. Mai Tabarau a kan nasa na gani ya ɗora, ya zama mai ido shida.

"Kai!" in ji Baffa, ya ja da baya. "Wannan ai sai ya fasa wa mutum kai."

"Yoyo ne," in ji Mai Tabarau.

"Taga ce."

Daga nan aka ɗaura. Auta ta san wannan musu tun tana zuwa shagon da jakar makaranta. Yoyo shi ne in hoton ido ɗaya ya zubo wa ɗayan, sai ka ga wata inuwa fara-fara a gefen abu. Taga kuwa gefunan hoton ne guda huɗu, kuma ƙa'idar babanta ita ce komai ya zauna a bayan taga, kada wani abu ya leƙo waje gefen ya yanke shi. Abin da ya tayar da su yau wani farin shafe ne a ƙasan hoton, daga kafaɗarta ya gangaro ya nufo mai kallo har ya taɓa gefe, yana ɓullowa yana ɓacewa.

"Dubi inda ya kai," Baffa ya ce yana buga allon da farce. "Ya ci gefe. Ido ya rasa ko a ciki yake ko a waje. Maganinsa almakashi. In yanke daga ƙirji zuwa sama, a huta."

"Ka yanke ƙasa ka yanke zurfin. Zurfin hoto a daɓe yake, da ƙafar tebur, da tazarar da ke tsakaninta da ƙofa. Me zai rage? Hoton fasfo mai launi biyu?"

"To kai me ka ce?"

"Fari ne a kan baƙi, dole ya yi yoyo. Tun ina da gashi nake gaya muku. Rage hasken rigar, ka ɗan ɗaga duhun ƙofar, su matso kusa da juna, inuwar ta mutu da kanta."

"Rigar ta koma ruwan toka ke nan, kamar an wanke ta a kwata. Rigar ce fa dalilin hoton, Malam. Garin neman gira za ka rasa ido."

"Ni za ka gaya wa ido? Ido sana'ata ce."

"Sana'arka ce ta kawo mana wannan shuɗin naka mai rariya. Komai wucewa yake ta cikinsa."

"Shuɗina lafiyarsa lau. Jan tawadarka ne ba ja ba, ruwan kwantai ne."

Duk sanda ɗaya ya jefa magana mai nauyi, sai su biyun su juyo wajen doguwar kujera, don a nan alƙalinsu yake zama. Babanta yakan bar su su gaji, sannan ya ce kowa ya yi gaskiya rabi, ya karɓi aikin ya yi yadda ya ga dama. Yau in sun juyo sai su tarar da Auta, ta yi zuru, idonta a kan igiyar fitila. Sai su yi saurin komawa kan allon, su ƙara ɗaga murya. Ta lura babu ɗayansu da ya ambaci babanta tun da ta zauna. Ta ga duk wannan sarai, amma kamar ta tagar mota take gani, bai taɓa ta ba.

Aka gwada na Baffa. Ya ja layi ya datse hoton daga ƙirji. Ga Auta rabin jiki, tana murmushi, a shafe kamar an manna ta a jikin ƙofa.

"Ga fasfo nan," in ji Mai Tabarau. "Saura tambari."

Aka mayar, aka gwada nasa. Rigar ta dushe, ƙofar ta yi fari-fari, ɗakin duka ya zama kamar an yi hayaƙi a ciki. Farin shafen ya rage ƙarfi, amma yana nan daram, bai je ko'ina ba.

"Ga hayaƙi nan," in ji Baffa. "Saura a kira 'yan kwana-kwana."

"Ƙara kaɗan."

"Ba na ƙarawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Kowa ya koma yana huci ta hanci. Wata mata ta leƙo da yaro tana son hoton makaranta, Baffa ya ce ta dawo gobe, abin da bai taɓa yi wa mai ciniki ba. Ya mayar da hoton yadda yake da farko. A nan ne ya hango wani baƙin ɗigo kusa da gwiwarta, yana shawagi shi kaɗai a sarari.

"Ga wata kuma. Datti a idon kyamara. Wannan dai ba musu, gogewa zan yi."

"Dakata. Datti a ido ɗaya kawai?"

"To aljani ne?"

"Kyamara ɗaya ce ta ɗauki biyun. In datti ne, a biyun zai fito. Datti ba ya zaɓen ido."

"Kai dai ko rana aka ce ta fito sai ka ce a kawo shaida."

Mai Tabarau ya cire na kwalin ya murza idanunsa, waɗanda suka yi jawur. "Idanunmu sun tsufa, sun kuma gaji. Ga mai sabon ido nan zaune. 'Yata, karɓi ki raba mu. A yanke ko a rage haske?"

Ba ta son gani. Amma ƙin karɓa ma aiki ne, kuma ba ta da ƙarfinsa. Ta maƙala tabarau, ja a hagu, shuɗi a dama, ta matso gaban allon.

Falonsu ya buɗe. Ga tebur a gaba, ga daɓe ya miƙe, ga ƙofa can ciki. Ga wata yarinya cikin farar riga tana murmushi, kuma Auta ta kalle ta kamar yadda ake kallon baƙuwa a layin asibiti. Farin shafen yana ta ƙyaftawa a ƙasa, yana ja mata jijiyar ido. Don ta huta da zafin ne kawai ta runtse idon dama. Nan take komai ya lafa. Yarinyar tana tsaye cak, hannaye biyu a baya, sai wata 'yar inuwa siririya a gefen rigar. Wannan shi ne hoton ƙafar hagu, kuma haka ta san kanta a ranar.

Ta buɗe na dama, ta runtse na hagu.

Fuskar ba ta canja ba, murmushin nan ne dai. Amma kafaɗar dama ta zubo gaba, kuma farin shafen daga nan ya taso. Ya yi faɗi yana nufo ta, ƙarshensa ya yi duhu ya rabu kashi-kashi. Ta ƙirga rabe-raben ba da niyya ba. Biyar ne.

"Baffa, ƙara girman ɗigon nan."

Muryarta ta sa su biyun suka dube ta, don tun gaisuwa ba su sake jin ta ba. Baffa ya ja ɗigon ya cika allon. Ya fashe ya zama dishi-dishi, amma ana ganin abu mai da'ira, da wutsiya biyu, ɗaya da ɗan ƙarfe a bakinta. Auta ta zuge jaka, ta lalubo agogon mai tsagaggen gilashi, ta ajiye a kan tebur kusa da allon.

Mai Tabarau ya ɗauki wani na kwalin ya maƙala, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Mun ɗauka kyamarar ce ta girgiza ta ja rigar," Baffa ya ce a hankali. "Shi ya sa nake son in cire. Kada Yaya ya ga lokacin da..." Bai ƙarasa ba.

"In girgiza ce, da fuskar ma ta shafe," in ji Mai Tabarau. "Dubi idonta, tar yake. Fuskar ba ta san abin da ake ciki ba tukuna. Hannun ne ya riga ta tafiya."

Auta ta ci gaba da kallo da ido ɗaya. Ta jira ta ji wani abu babba, bai zo ba. Hannun bai tare babanta ba, ai ta sani. Ya faɗi, kafaɗarsa ta bugi tebur, kuma bayan nan ta tsaya kamar an dasa ta har Gwaggo ta shigo. Hoton bai goge wannan ba. Amma ga hannu nan a buɗe, ya saki agogo, ya karya dokar da bai taɓa karyawa ba, ya tafi wajen babanta tun kafin kowa a duniya ya san yana faɗuwa. Ba ta tuna ta miƙa shi ba, ba ta tuna ta janye shi ba. Ta dubi hannun nata na gaske a kan tebur. Yatsun sun fara yi mata tsikari, irin na ƙafar da jini ya fara komawa cikinta, kuma abin da zafi.

"Ku buga shi haka," ta ce.

"Haka yaya?" in ji Baffa.

"Kada a yanke, kada a rage."

"Auta, wannan ya karya taga. Yaya bai taɓa barin abu ya leƙo waje ba."

"Ga yoyo kuma," in ji Mai Tabarau. "Mutum mai ciwo, a ƙara masa da ciwon kai?"

Tun da aka gina shagon ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai yau, kuma a kanta. Ta zauna kawai tana kallonsu da tabarau na kwali a fuska, irin zaman nan nata da ƙuda ke gajiya ya tashi. Baffa ya dubi Mai Tabarau, Mai Tabarau ya dubi silin. Can Baffa ya ja tsaki, ya zaro takarda mai ƙyalli daga cikin na manyan baƙi, ya sa a inji.

Yayin da injin ke tunkuɗo hoton layi-layi, Mai Tabarau ya tona kwandon ya zaɓo tabarau mafi sabunta, ya goge shi da bakin rigarsa.

"Ki ce masa shuɗin nan sabo ne," ya ce. "Ki ce masa... a'a, bar shi. Zan zo da kaina."

"Ka daɗe kana cewa za ka je," in ji Baffa.

"Kai da kake ƙaninsa sau nawa ka shiga?"

Baffa ya sa hoton a ambulan, ya haɗa da agogon ya miƙa mata.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Mahaifiyarta ta ji motsinta ta fito bakin labule, ta miƙo hannu kamar kullum don ta karɓa. Auta ta riƙe ambulan ɗin. Suka dubi juna. Uwar ta matsa gefe ta ɗage labulen.

Ɗakin yana warin man zafi da sabulu. Babanta ya ƙanƙance a kan gadon, an tokare shi da matasai, gefen bakinsa na dama ya zubo, hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya gan ta. Idon hagu ya buɗe sosai, na dama ya biyo baya a makare. Ya ɗaga yatsu biyu, ya haɗe su.

"An yi masa aure, Baba," ta ce.

Dole ta sunkuya ta maƙala masa tabarau, dole yatsunta su taɓa kunnuwansa. Suna da ɗumi. Ta zaro hoton ta riƙe a gabansa da hannun hagu, daidai tazarar da ya koya mata.

Ya daɗe yana kallo. Girarsa ta hagu ta tattare, irin tattarewar da take yi in Baffa ya ɓata aiki, har Auta ta san ya ga tagar, ya ga yoyon, bai kuma ji daɗinsu ba. Ya yi wani gurnani. Sannan ya runtse idon dama da ƙyar, ya buɗe. Ya runtse na hagu. A nan ya tsaya.

Hannunsa mai lafiya ya tashi daga kan bargo. Bai nufi takardar ba, ya tsaya a sararin da ke gabanta, inda farin hannun ke ɓullowa yana ɓacewa. Ya damƙa, ya kama iska. Ya buɗe yatsun ya sake lalubawa, ya sake kama iska.

Auta ta sa hannunta na dama a wurin.

Ya riƙe shi da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba, har ƙasusuwan yatsunta suka haɗu. Zafin ya bi hannun ya haura kafaɗa ya sauka a ƙirjinta, ya tarar da duk abin da ta ajiye a can, tsoro da kunya da tausayi da son mutumin nan, suka taso gaba ɗaya.

"Baba, na motsa," ta ce. "Ka ce kada in motsa, na motsa. Ban dai kai ba."

Bakinsa ya yi ta kokawa da kansa. Leɓen ya karkace, harshen ya yi nauyi, miyau ya gangaro ta gefe. Mahaifiyarta ta matso da tsumma, ta tsaya. Abin da ya fito a ƙarshe a murguɗe yake, rabinsa iska, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamararsa zai gane shi.

"To."

Ta zauna a bakin gadon, hoton ya zame ya faɗi a kan bargo, ta kifa goshinta a kan hannayensu biyu ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Bai sake ta ba. Mahaifiyarta ta goge masa baki, ta ɗauke hoton don kada ya jiƙe, ta fita ta sauke labulen.